Tsaurin XML da Sassaucin JSON: Wanne Ya Fi Riƙe Amanar Lamba?

Manhajar banki da aka rubuta da Java ba ta jin yaren manhajar da ke cikin wayarka, wadda wataƙila da JavaScript ko Kotlin aka rubuta ta. Duk da haka kullum suna cikin hulɗa: wannan ta nemi a duba mata abin da ya rage a asusu, waccan ta amsa. Abin da ya haɗa su takardar yarjejeniya ce, wadda ta fayyace sunan kowane gurbi a cikin saƙo da irin abin da za a zuba masa: nan rubutu, nan lamba, nan kwanan wata. Yawancin masu rubuta manhaja ba sa zama su bi wannan takarda layi-layi da hannu. Miƙa ta suke yi ga injin fitar da kod, cikin 'yan daƙiƙu ya zubo musu ɗaruruwan fayiloli su ɗora aikinsu a kai. A cikin daƙiƙun nan injin yana ta yanke hukunci, kuma ba ya shawara da kowa: abin da takarda ta kira lamba, wane nau'i zan ba shi a wannan yaren?

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara wajen rubuta irin wannan takarda, kuma akwai tazarar kimanin shekara goma a tsakaninsu. Ta farko ita ce ta SOAP, wadda ta bayyana a 1999, WSDL ta biyo bayanta a 2000 don bayyana ayyukan da hidima ke yi. A 2001 kuma hukumar W3C ta amince da XML Schema, wanda shi ne ke faɗin nau'in kowane bayani. Ta biyu ita ce ta JSON, tsarin da Douglas Crockford ya yayata, haɗe da Swagger da Tony Tam ya ƙirƙiro a 2011, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa OpenAPI. Matasan da suka shigo sana'ar a 'yan shekarun nan ta biyun suka tarar, kuma da yawansu kallon kayan tsofaffi suke yi wa ta farko. Ban musa cewa tana da nauyi ba. Amma idan ana maganar daidaita nau'in bayani ne, wato a haɗa kowane nau'i na cikin takarda da takwaransa na cikin yaren manhaja, to shari'ar ba ta yanku da sauri haka ba.

XML Schema ya zo da nau'o'i na asali har 19, aka kuma ciro wasu 25 daga jikinsu. A lamba kaɗai akwai byte da short da int da long, kowanne da iyakarsa. Akwai takwarorinsu da ba sa sauka ƙasa da sifili. Akwai integer, wanda ba shi da iyaka sam. Akwai decimal, na lamba mai ɗigo da ba a yarda a taɓa ko da ta ƙarshenta ba. Sai float da double na lissafin kimiyya, inda a kusanci amsa ma ya wadatar. Idan ka ba wa wsimport ko wsdl2java na Apache CXF irin wannan takarda, JAXB ne ke rabon a bayan fage, kuma jadawalinsa a rubuce yake: int ya zama int, integer ya zama BigInteger, decimal ya zama BigDecimal. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi da unsignedInt. Java ba ta da wannan nau'i, kuma rabin lambobin da yake ɗauka sun fi ƙarfin int ɗinta. Sai JAXB ya hau mataki ɗaya ya ba shi long, unsignedLong kuwa ya ba shi BigInteger. Ya gwammace a yi asarar ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da a guntule lamba.

JSON bai san duk wannan ba. Saninsa bai wuce rubutu, lamba, i ko a'a, babu, jeri, da ƙunshin gurabe ba. Lamba iri ɗaya ce tak a wurinsa, ba a faɗi girmanta ba, ba a faɗi yawan abin da zai biyo bayan ɗigo ba. Kamar a ƙulla ciniki da mudu ne ba a ce na wace kasuwa ba: suna ɗaya, amma abin da kowanne ke ci daban. OpenAPI ya yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi da wani ƙarin gurbi mai suna format, inda za ka rubuta int32 ko int64, float ko double. Sai dai ƙarin ba dole ba ne, mutane kuwa suna tsallake shi. Ka rubuta integer kawai ka wuce, OpenAPI Generator zai ba ka Integer a Java, mai bit 32, wanda ƙarfinsa ya ƙare a 2,147,483,647.

Lambar tana da girma a ido. To bari mu auna ta da kuɗi. Kamfanonin biyan kuɗi ta intanet da yawa ba sa karɓar adadi mai ɗigo, da mafi ƙanƙantar kason kuɗin suke ƙirga. Stripe da senti take ƙirga dala, Paystack kuma da kwabo take ƙirga naira, wato idan ₦500 kake nufi sai ka aika 50000. Dabara ce mai kyau, za mu ga dalili nan gaba. Amma kwabo 2,147,483,647 naira miliyan 21 ne da dubu 474 da 'yan kai, kuɗin da wani babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai iya turawa kafin azahar. Manhajar da aka gwada da cinikin dubu biyar da dubu goma za ta yi wata da watanni lafiya lau. Ranar da babban ciniki ya zo, ko dai ta ƙi karɓar saƙon, ko kuma, a inda ba a bincika iyaka, lambar ta juye ta koma ƙasa da sifili. Na farkon ya fi sauƙi, don aƙalla an ji ƙara.

Akwai kuma abubuwan da suka yi kama da lamba alhali ba lamba ba ne. Lambar asusu ta NUBAN lambobi 10 ce a jere, BVN da NIN kuwa 11 kowanne. Ba wanda zai tara lambar asusunsa da ta maƙwabcinsa, ko ya raba BVN gida biyu. Suna ne da aka rubuta da alƙaluma. Wanda ya ba su nau'in integer ya jawo wa kansa masifa biyu: BVN ba za ta shiga bit 32 ba ko da wasa, asusun da ya fara da sifili kuma zai isa ɗaya gefen da lambobi tara, don lissafi bai san amfanin sifilin farko ba. Haka lambar waya mai farawa da 080. A nan babu wanda ya fi wani tsakanin XML da JSON. Laifin mai rubuta takarda ne, injin kuwa abin da aka faɗa masa ya yi.

Inda JSON ya fi kunyata masu shi shi ne a lamba mai bit 64. Ka rubuta int64 ɗinka daidai, Java ta ba ka Long, C# ta ba ka long, komai ya tafi daidai har saƙon ya isa burauza. JavaScript lamba iri ɗaya take riƙewa a al'ada, ta tsarin IEEE 754, kuma cikakkiyar lambar da za a iya amince mata da ita ta tsaya a 9,007,199,254,740,991. Aika mata 9007199254740993, za ta karanta 9007199254740992, ba tare da ta ce uffan ba. Twitter ta ci karo da wannan a 2010, lokacin da ta koma ba wa kowane saƙo lambar shaida mai bit 64. Maganin da ta yi shi ne ta riƙa aika lambar sau biyu, ɗaya a gurbin id a matsayin lamba, ɗaya a gurbin id_str a matsayin rubutu. Ita kanta takardar RFC 8259 ta 2017, wadda ke bayyana JSON, ta yi nuni da cewa a cikin wannan iyaka ne ake da tabbacin kowa zai karanta lamba iri ɗaya. Google ma, da ta zo tsara yadda za a mayar da Protocol Buffers zuwa JSON, sai ta ce int64 a rubuta shi a matsayin rubutu. An ƙara wa JavaScript nau'in BigInt a 2020, amma JSON.parse bai fara amfani da shi da kansa ba, injinan TypeScript kuma galibi number suke bai wa int64.

Sai batun ɗigo, wanda shi ne dalilin waccan dabara ta ƙirga da kwabo. Kwamfuta da bibbiyu take lissafin float da double, ba da goma-goma ba, saboda haka 0.1 ba ta zama daidai a cikinta. Buɗe kowace burauza ka tara 0.1 da 0.2, amsar 0.30000000000000004 za ta fito. A float mai bit 32 abin ya fi muni: ₦1,234,567.89 za ta zauna a matsayin 1,234,567.875. Kwabo ɗaya da rabi ba komai ba ne a aljihu, amma akanta da littafinsa ya ƙi daidaita ba zai tashi daga ofis ba sai ya gano inda ya shiga. Wannan ne ya sa tsarin saƙonnin bankuna na ISO 20022, wanda da XML Schema aka rubuta shi, ya fayyace adadin kuɗi tiryan-tiryan: decimal ne, lambobi ba sa wuce 18, biyar a bayan ɗigo iyaka, ba ya sauka ƙasa da sifili, kuma dole a manna masa haruffa uku na sunan kuɗin. Sharaɗin ƙarshen nan ba ado ba ne. Naira tana da gida biyu bayan ɗigo, sefar Nijar ba ta da ko ɗaya a tsarin ISO 4217, dinarin Kuwait yana da uku. Manhajar da ta saba ninka kowane adadi sau ɗari kafin ta aika, ranar da aka haɗa ta da hidimar da ke karɓar sefa, za ta caji mutumin Maraɗi ninki ɗari.

Duk wannan yana iya sa mai karatu ya ɗauka XML Schema ya gama magance matsalar. A'a. Takarda ta faɗi gaskiya abu ne ɗaya, injin ya mutunta ta kuma wani abu ne daban. Ɗauki WSDL guda mai gurbin integer ka ba wa mutum biyu. Na Java zai sami BigInteger. Na .NET, idan ta hanyar XmlSerializer ya bi, string zai samu, wato rubutu zalla, domin a lokacin da aka tsara kayan aikin .NET ba ta da nau'in lamba marar iyaka, masu tsara su kuma suka ƙi yin kasadar guntulewa. Sai ya zama mutum yana riƙe da adadi amma ba zai iya tara shi da komai ba sai ya juya shi da kansa. Decimal ɗin .NET kuwa lambobi 28 zuwa 29 yake ɗauka, alhali BigDecimal na Java ba shi da irin wannan shinge. Takarda ɗaya ce, amma abin da ya fito daga injina biyu bai zo ɗaya ba. Bambancin da ke akwai shi ne a nan matsalar a fili take tun ranar farko. Ka ga string inda kake tsammanin lamba, dole ka tsaya ka tambaya.

A kwanan wata ne masu Java suka fi tsine wa JAXB. Date, time, dateTime, har da irin su gYear da gMonthDay, duk XMLGregorianCalendar yake ba su, wani abu mai dogon suna da wuyar sha'ani, wanda ko ƙirƙirarsa sai ka bi ta DatatypeFactory. Amma akwai dalili. A XML Schema, dateTime na iya zuwa da bambancin agogon yanki, yana kuma iya zuwa babu. Tsohon Date na Java ba shi da yadda zai ce "ban san agogon wace ƙasa ba ne", sai ya cika da na kwamfutar da yake ciki. Mummunan nau'in nan shi kaɗai ne a lokacin ke iya riƙe rashin sani a matsayin rashin sani. Da yawa sun gaji da shi sun rubuta fayil ɗin binding suka mayar da komai Date, kod ya yi kyau a ido, suka sayi wata matsalar da kuɗinsu.

Ga yadda take faruwa. Nijeriya da Nijar suna gaban agogon UTC da awa ɗaya. Mutum ya cika fom a Kano, ranar haihuwa 1 ga Janairu 1990. Ranar haihuwa ba ta da awa, amma nau'in da injin ya ba ta yana da ita, sai aka cika da sha biyun dare agogon Kano. Wajen aikawa aka mayar da shi UTC, ya zama 31 ga Disamba 1989, ƙarfe 11 na dare. Ɗaya gefen ya yanke awar ya ajiye ranar. An ƙara wa mutum kwana ɗaya, an canza masa shekarar haihuwa, gobe ya je wani wuri a ce bayanansa ba su dace da na katinsa ba. Wannan cuta ba ta bar kowa ba, don Date na JavaScript ma kullum da awa da minti yake tafe.

Sai dai a nan OpenAPI ya yi abin a yaba, kuma ba a cika faɗa ba. JSON ba shi da kwanan wata ko kaɗan, rubutu ne ake yi wa laƙabi da date ko date-time. Amma date-time ɗinsa na RFC 3339 ne, ita kuwa ta wajabta a rubuta bambancin agogo. Wato a wannan gaɓa sassauƙan tsarin ya fi mai tsaurin tsauri. XML Schema sai a bugu na 1.1, a 2012, ya ƙaro dateTimeStamp mai irin wannan sharaɗi, kuma injina da yawa har yau a bugu na 1.0 suka tsaya. OpenAPI ya kuma yi sa'ar zamani: lokacin da ya bunƙasa Java 8 ta riga ta fito, a 2014, da LocalDate da OffsetDateTime, saboda haka injinsa ya tarar da wuraren da suka dace ya zuba kowanne.

Yanzu ga wurin da na fi son a tsaya, domin a nan ne ake gane halin kowane tsari. Menene bambancin gurbin da ba a aiko ba da gurbin da aka aiko aka ce babu komai a ciki? Ɗauki hidimar gyara bayanan abokin ciniki. Saƙo ya zo babu gurbin lambar waya: ma'ana a bar ta yadda take. Wani saƙo ya zo da gurbin amma an ce babu: ma'ana a goge ta. Hali uku ke nan, akwai, babu, da ba a ambata ba, alhali yawancin yarukan manhaja biyu suka sani.

XML Schema ya raba su sarai: minOccurs na sifili yana nufin ana iya tsallake gurbin, nillable yana nufin ana iya aiko shi fanko. Idan gurbi ya haɗa duka biyun, JAXB ba ya ba ka String kai tsaye, sai ya naɗe shi a cikin JAXBElement, kuma kafin ka zuba masa komai sai ka bi ta ObjectFactory. Duk wanda ya taɓa haɗa manhajar Java da hidimar da aka gina da WCF na Microsoft ya san wannan ciwon kai, domin WCF ta saba fitar da gurabenta na rubutu da sharuɗɗan biyu a tare, sai ka ga JAXBElement ko'ina kamar an watsa. Akwai layi ɗaya da ke kawar da shi, generateElementProperty a mayar da shi false, kuma shi ne abin da kowa ke gaggawar yi. Kod ya yi tsaf, bambancin nan na hali uku kuma ya tafi.

A gefen .NET wata hanya aka bi. Gurbin lamba da ba dole ba, a ce sunansa rangwame, yana fitowa da ɗan rakiya mai suna rangwameSpecified. Ka zuba 500 a rangwame ka aika, ɗaya gefen ya ce bai ga komai ba. Ka duba kod ɗinka, ga 500 nan zaune. Ba a nan gizo ke saƙar ba: ba ka mayar da ɗan rakiyar true ba, saboda haka gurbin bai ma shiga saƙon ba, kuma ba wanda ya yi maka gargaɗi. Wannan kam aibi ne na gaske a gidan SOAP, irin wanda ke cinye wa mutum yini guda.

Masu JSON sun yi wa duk wannan dariya, suka ce su null kawai suke da shi. Ba a daɗe ba abin da ya ci Doma ya iso Awai. RFC 7396 ta 2014, mai bayanin yadda ake gyara wani ɓangare na bayani da JSON, ta ce null na nufin a goge, rashin ambato na nufin a bari. Amma idan saƙon ya shiga ajin Java na yau da kullum, duka biyun null suke zama. Sakamakon ɗayan biyu ne: ko abokin ciniki ya kasa goge tsohuwar lambarsa, ko kuma ya gyara adireshi kawai a wayi gari lambar wayarsa ta ɓace. Maganin da OpenAPI Generator ya kawo shi ne wani abin naɗi mai suna JsonNullable. Duba shi da kyau, JAXBElement ne ya dawo da sabon suna. Shi kansa OpenAPI sai da ya sauya magana: bugu na 3.0 na 2017 yana da kalmar nullable, bugu na 3.1 na 2021 ya cire ta ya koma bin JSON Schema, inda ake lissafa null a cikin nau'o'in gurbin. Google ma ta bi ta wannan hanya: proto3 na Protocol Buffers ya fito a 2016 babu yadda za a bambance sifili da rashin aikowa a gurbin lamba, sai a 2021 aka dawo da optional. Tsari uku, mutane daban-daban, kowa ya yi ƙoƙarin gudun hali na ukun nan, kowa ya dawo ya same shi yana jira.

Sauran bambance-bambancen ba su kai waɗannan nauyi ba. A jerin zaɓi, misali matsayin ciniki da ke iya zama an biya ko an ƙi, ranar da mai hidima ya ƙaro na uku, an mayar, JAXB a yadda ya zo yakan ba ka null ya yi shiru, Jackson kuwa, wanda yawancin masu JSON a Java ke amfani da shi, yakan ƙi saƙon gaba ɗaya. A nan gidan XML ne ya yi shirun da ba shi da kyau. Sharuɗɗa irin su iyakar tsawon rubutu kuwa, xjc, injin fitar da kod na JAXB, ba ya shigar da su cikin kod ɗin da ya fitar, suna nan a takarda sai ka kunna tantancewa da kanka. Rubutu shi ne inda suka fi jituwa, tunda duka biyun Unicode suke bi, ƙ da ɗ da ɓ suna wucewa lafiya, sai fa idan wani ya sa sharaɗin haruffan A zuwa Z kaɗai, Ɗanladi ya rasa yadda zai rubuta sunansa.

Akwai tambayar da ta fi "XML ko JSON" muhimmanci a wasu lokuta: wa ya rubuta takardar? Ana iya zama a rubuta ta da hannu tukuna, sannan a fitar da kod daga jikinta. Ana kuma iya rubuta kod, a bar inji ya fitar da takardar. Hanya ta biyu ta fi sauri, ita ce kuma ta fi zubar da halayen yare ɗaya a kan kowa. A farkon zamanin SOAP masu .NET sun riƙa mayar da DataSet kai tsaye daga hidimarsu, abin da masu Java ba su da yadda za su yi da shi. Rikicin ya yi yawa har manyan kamfanoni suka kafa ƙungiyar WS-I a 2002, wadda ta fitar da Basic Profile ta hana wani salon tsara saƙo mai suna rpc/encoded. Yau ma abin da ake yi ke nan, da sababbin kaya. Mai Java ya yi abin kirki ya riƙe kuɗi a BigDecimal. Inji ya fitar masa da OpenAPI, gurbin ya zama number. Mai burauza ya ɗauki takardar ya fitar da TypeScript, number ya zama number, wato double. Ba wanda ya yi kuskure a cikin ukun, amma kuɗin da ya fara tafiya a nau'in da ba ya kuskure ya ƙare a wanda ba ya iya tara 0.1 da 0.2. Da WSDL ne, da kalmar decimal ta isa har ƙarshen tafiyar, ko da wanda ya karɓa bai ji daɗin abin da injinsa ya ba shi ba.

To me ya sa JSON ya yi rinjaye? Don yana da sauƙi, kuma sauƙi ba abin rainawa ba ne. Ɗalibi zai buɗe saƙon JSON ya gane shi a kallo ɗaya. Burauza tana karanta shi ba tare da wani ƙarin kaya ba. Saƙon ya fi ƙanƙanta, abin da mai sayen data da kuɗinsa zai yaba. Ita kanta Java ta sallami JAXB da JAX-WS daga cikin kayanta na asali a bugu na 11, a 2018, sai mai so ya ɗauko su daban. Ga hidimar da ke nuna labarai ko jadawalin darasi, inda mafi girman lamba ita ce yawan masu karatu, ɗauko SOAP wahalar da kai ne kawai.

Amma a kan tambayar da muka taso da ita, ni dai XML Schema nake ba wa gaskiya. Kod ɗin da ke fitowa daga gare shi ba shi da kyan gani, sai dai yawancin muninsa gargaɗi ne: BigInteger yana ce maka lambar ba ta da iyaka, JAXBElement yana ce maka hali uku ne ba biyu ba. Kod ɗin OpenAPI ya fi daɗin karantawa, matsalarsa kuma takan jira sai manhaja ta shiga hannun jama'a da kuɗinsu. Wanda zai gina sabuwar hidima yau kusan dole OpenAPI zai bi, kuma ba laifi, muddin ya yarda zai rubuta da hannunsa abin da tsohon tsarin ke bayarwa kyauta: kada integer ya fita babu format, lambar shaida da ta asusu su tafi a matsayin rubutu, kuɗi ya tafi ko da kwabo a int64 ko a rubuce, tare da sunan kuɗin a gefensa.

Idan kuma rabon da injin ya yi bai dace ba, a gyara shi a inda aka tanada. JAXB yana da fayil ɗin binding, gSOAP na masu C da C++ yana da typemap.dat, OpenAPI Generator yana da type-mappings. A ajiye wannan fayil tare da sauran kod, a kuma tsayar da bugun injin da ake amfani da shi, don sabon bugu na iya zuwa da sabon rabo. Gyara fayilolin da injin ya fitar da hannu aikin banza ne, ranar da aka sake kunna shi zai shafe komai.

Ɗan'uwa mai rubuta manhaja, kafin ka ɗora layi ɗaya a kan abin da injin ya ba ka, buɗe fayil ɗin da gurbin kuɗi yake ka duba nau'in da aka ba shi. Idan ka ga float ko double, dakata ka koma kan takardar.